Zakunan Babila da Yumɓun Nok: Sheƙi Ba Shi Ne Ma'aunin Gwaninta Ba

Wajen shekara ta 575 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Nebukadnezzar na biyu ya gina Ƙofar Ishtar a Babila, cikin Iraƙi ta yau. An lulluɓe tubalinta da ruwan gilashi shuɗi, aka jera bijimai da wata dabbar almara mai kan maciji, sannan zakuna suka yi sahu a bangon hanyar da ke shiga ƙofar. Jamusawa ne suka tono ta, tun 1930 take gidan tarihi na Pergamon a Berlin. A daidai wancan zamani, a ƙasar da yau muke kira kudancin Kaduna, mutanen Nok na gasa siffofin mutane da giwaye da birai da macizai da yumɓu. A 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da su, kuma akwai irinsu a gidan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu, Unguwar Sarki, cikin garin Kaduna. Ni a ganina aikin nan biyu tsara ne.

Wani zai ce ina aka haɗu, na Babila na walƙiya, namu kuwa garje-garje ne. To, sheƙin nan shaidar dukiyar fada ce kafin ya zama shaidar hannu: sai da ma'adinai masu tsada da tanderu da rundunar ma'aikata, kuma da zubi ake fitar da tubalin, shi ya sa zaki ke kama da ɗan'uwansa. Maginin Nok kuwa da hannu ya ɗaga kowace siffa, ya bar cikinta holoƙo, ya huda idanu da hanci, abin da ke taimaka wa yumɓu kada ya fashe a wuta. Kaushin da muke gani ma cin ƙasa ne. Asali shafaffu ne sumul. Mutanen Nok da suka narka ƙarfe a Taruga ba za a ce wuta ta gagare su ba.

Maginiyar tukwane Ladi Kwali ta ƙara tabbatar da hakan. Da ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a Suleja ta yau cikin 1954, tanderu da ruwan gilashi ta tarar. Ƙadangaru da kunamu da kifayen da ta zana a jikin tulunanta, daga gida ta zo da su.

Masu ƙyamar siffofi saboda addini suna da hujjarsu, amma kallon ilimi daban, bauta daban. Malaman makarantun Kaduna, ku kai ɗalibanku titin Ali Akilu su gani da idonsu.