Masu Koya wa Ɗaliban Jinya Farfaɗo da Zuciya

A kwalejin koyon aikin jinya akwai ɗakin da ba a kwantar da marar lafiya a cikinsa, sai mutum-mutumin roba a jere a ƙasa. Nan ne wurin aikin malamar da ke koyar da farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, abin da ma'aikatan asibiti ke kira CPR. Galibin masu wannan sana'a nas-nas ne da suka goge a sashen gaggawa ko ɗakin tiyata, sannan suka ƙaro horo kan koyarwa. Ɗanyen kayan da ake kawo musu shi ne ɗaliba mai ilimin littafi da hannu mai rawa. Ana so su mayar da ita wadda za ta hau ƙirjin mutum ba ɓata lokaci, domin ƙwaƙwalwa na fara lalacewa minti 4 zuwa 6 bayan jini ya daina isa gare ta.

Sana'ar ba ta tsufa ba. A 1960 masu bincike uku na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, Kouwenhoven da Jude da Knickerbocker, suka nuna cewa danna ƙirji daga waje yana tura jini, ba sai an tsaga mutum ba. A shekarar ne kuma wani mai ƙera kayan wasan yara a garin Stavanger na Norway, Asmund Laerdal, ya fito da 'yar robar da ake kira Resusci Anne, da shawarar likitoci irin su Peter Safar. Har yau irinta ake dannawa.

Da can a aji ake yin komai, malama ta yi ta bayani har yawu ya ƙafe kafin kowa ya taɓa roba. Yanzu an raba aikin gida biyu. Kashin farko ɗaliba ke yinsa ita kaɗai ta intanet, a waya ko kwamfuta. Fitaccen misali shi ne HeartCode na Ƙungiyar Kula da Zuciya ta Amurka: bidiyo da tambayoyi na awa ɗaya ko biyu, inda ta fāɗi a sake bi da ita ta wurin. A nan take haddace lissafin: danna 30, hura numfashi 2, danna 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba. A nan take sanin cewa tun 2010 da danna ƙirji ake farawa kafin numfashi. In ta gama sai a ba ta takardar shaida, wadda da ita za ta shiga ɗakin malama.

Malama kuwa tun da safe take shiri. Ta buɗe ƙirjin kowace roba ta saka sabon huhun leda, ta goge fuskokin da sifirit, ta duba batir, ta jera jakar hura iska da na'urar gwaji mai koyar da girgiza zuciya da lantarki. Ɗaliba ta durƙusa, ta bubbuga kafaɗar robar: "Baba! Baba, kana ji na?" Ta nuna abokiyar karatunta: "Ke, kira taimako, ki kawo na'ura." Ta lalubi jijiyar wuya, kada ta wuce daƙiƙa 10, ta ɗora gindin tafin hannunta a tsakiyar ƙirji, ta ɗora ɗayan a kai.

Daga nan ainihin sana'ar ke farawa. Wadda ta cinye tambayoyin intanet duka sai ka ga tana shafa ƙirjin kamar mai lallashi. Wata tana dannawa da kyau, amma ta jingina a kai ba ta barin ƙirjin ya taso, alhali a wannan tasowar ce zuciya ke sake cika da jini. Wata firgici ya sa tana gudu. "Miƙe gwiwar hannunki," in ji malama, "da nauyin jikinki za ki danna, ba da damtse ba." Sai ɗalibar ta faɗi abin da ke ranta: "Malama, kar fa in karya masa haƙarƙari." Amsar ita ce haƙarƙari yakan karye da gaske, amma yana ɗoruwa, 'yata. Tuƙin tuwo ba a koyonsa da kallo, haka wannan.

Robobin yanzu suna ba da rahoto: wasu su yi ƙas in an kai zurfin da ake so, wasu su nuna sauri da zurfi a fuskar waya. Tun 2019 ƙungiyar ta Amurka ta wajabta irin wannan na'ura a darussanta na manya. Abu ne mai kyau, don ya kashe gardama. Amma na'ura kuskure take nunawa, ba dalilinsa ba. Malama ce ke lura cewa wannan yarinyar gajera ce, sai an sa mata abin takawa a bakin gado. Cewa waccan yarinyar kuwa kunya ce ta riƙe ta, don ba ta taɓa kai hannu ƙirjin namiji ba. Ita ce ke sa su karɓi juna duk minti 2, saboda hannu na sanyi tun mai shi bai ji gajiya ba. Abin da ya fi ba su wuya shi ne jakar hura iska: babban yatsa da manuni su danne marfin a fuska, sauran ukun su ɗaga muƙamuƙi, a matsa a hankali har ƙirji ya ɗaga. Iska na zurarewa ta gefe, ɗaliba na matsa jaka tana zaton aiki take yi.

Ɗaliban ungozoma suna da tasu robar, NeoNatalie, da ake cika wa ruwa har ta yi nauyin jariri. Da ita ake koyar da shirin Helping Babies Breathe da aka ƙaddamar a 2010, wanda ke neman a fara hura wa jaririn da bai yi kuka ba iska cikin minti ɗaya da haihuwa. A asibitocin Tanzaniya da aka gwada shi, mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin 100.

Jarin sana'ar da dala ake lissafa shi. Robobin daga waje ake shigo da su. Ƙarama mai ba da rahoto takan ci ɗaruruwan daloli, babba mai numfashi da bugun jijiya kuwa dubbai. Huhun leda da marfin fuska suna ƙarewa a sake saye. Darasin intanet kowace ɗaliba da kuɗinta, ga data, ga caji, ga sabis da ke ɗaukewa ana tsakiyar bidiyo. Ƙa'ida ita ce ɗalibai uku ga roba ɗaya, amma inda aji ya cika maƙil robobi kuma biyu ne, malama za ta yini a durƙushe tana karɓarsu rukuni-rukuni, gwiwa da baya su biya.

Samunta albashin kwaleji ne, sai abin da ke shigowa in asibiti mai zaman kansa ko kamfani ya gayyace ta, ko nas-nas masu neman aiki a waje suka zo neman katin shaidar iya CPR. Ita ma katin koyarwarta shekara 2 yake yi, kuma sai ta koyar da aji 4 a tsakani kafin a sabunta mata. Babban gwajinta shi ne sa hannu. Ɗaliba ta biya kuɗi, jarrabawa ta matso, hannun kuwa bai nuna ba. Mai riƙon amana cewa take a dawo gobe, ko da za a ji haushinta.

Katin da ɗaliba ke fita da shi na shekara 2 ne, amma bincike ya sha nuna cewa gwanintar hannu na dusashewa cikin 'yan watanni. Shi ya sa wasu asibitocin Amurka suka koma tsarin RQI, inda ma'aikaci ke gwaji na 'yan mintuna a kan roba duk wata 3. Inda babu wannan, malama ce ke ɗaukar robarta a jaka ta bi ɗalibanta zuwa ɗakunan marasa lafiya, ta sa su maimaita. Sau da yawa ba a biyan ta wannan zagaye, kuma ya kamata kwalejoji su sa shi cikin kasafinsu.