Daga zafin bazara zuwa ambaliyar damana: yadda iyali zai kare kansa

A damanar 2024 ambaliya ta yi sanadiyyar mutuwar mutane fiye da 300 a Nijar, ta kuma shafi sama da mutum miliyan ɗaya. A birnin Maraɗi, ruwan da ya sauka ranar 30 ga Agusta ya rushe gidaje masu yawa. A Damagaram, tsohon masallacin unguwar Birni da aka gina da ƙasa tun ƙarni na 19 ya faɗi a farkon Satumba. Har komawar yara makaranta sai da gwamnati ta ɗage zuwa 28 ga Oktoba.

Ba duka waɗanda suka rasu ruwa ya ci ba. Da yawa bango ne ko rufin ɗaki ya faɗo musu. Ginin ƙasa yana shan ruwa ta tushe, ya yi laushi, ya zube ko bayan ruwan ya ɗauke. Shi ya sa shirin damana yake farawa tun cikin bazara, lokacin da laka ke bushewa da sauri. A sake yaɓe, a gyara indararo, a cike ramin da ke gindin katanga, a kwashe leda da shara daga magudanan ruwa.

Amma ita kanta bazarar tana da nata hatsarin. A Afrilu da Mayu zafi kan kai digiri 45 a Tawa da Yamai. Aikin ƙarfi a yi shi da sanyin safiya ko bayan la'asar. A sha ruwa tun kafin ƙishirwa ta zo, a kuma riƙa miƙa wa tsofaffi, domin su ba sa saurin jin ƙishi. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono ya ishe shi, sai dai a ƙara yawan shayarwa. Kada a bar yaro cikin mota a rufe. Wanda jikinsa ya yi zafi sosai, ya ruɗe ko ya suma, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Kada a ɗura wa sumamme ruwa.

Idan damana ta kankama, a kula da bango. Sabuwar tsaga, danshin da ke hawa daga ƙasa, ko ƙofar da ta daina rufuwa, alamu ne cewa ɗakin bai dace a kwana cikinsa ba. A ɗaure takardun haihuwa, katin ɗan ƙasa da takardar fili cikin leda, a sa su a wuri mai tudu. Masu zama kusa da Gulbin Maraɗi, ko unguwannin Harobanda na Yamai da kogi ya shiga a 2020, su san tun yanzu inda za su kai iyali.

Korama kan kawo ruwa ko da ba a yi sama a garinku ba. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana iya kayar da babban mutum, na santimita 60 kuwa yana tafiya da mota. Direba ko ɗan kabu-kabu ya jira ya janye. Idan ruwa ya shiga gida a kashe wuta daga kwanta, kada a taɓa wayar Nigelec da ta faɗi. Lambar 'yan kwana-kwana ita ce 18.

Bayan ruwan ya janye, masai kan haɗu da rijiya, kamar yadda cutar kwalara ta bazu a Maraɗi da Damagaram a 2021. A tafasa ruwan sha ko a sa masa Aquatabs. Mai zawo a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, sannan a kai shi CSI mafi kusa. Kowa ya kwana cikin sange, domin kududdufai ne matattarar sauro.