Rumbun Waƙoƙi A Gida: A Fara Duba Wuta Kafin A Sayi Na'ura

BAUCHI — A unguwar Shadawanka da ke birnin Bauchi, inda barikin Birged ta 33 ta sojojin manyan bindigogi yake, duk magidancin da takardar canjin wurin aiki ke iya samunsa ba zato ya san wahalar ɗaukar kwalayen kaset da faya-fayai daga gari zuwa gari. Zafi yana narkar da zaren kaset, ƙura tana karce faifai, rediyon da zai juya su ma ya yi wuyar samu a kasuwa. A cikin irin waɗannan kwalaye ne kuwa ake samun waƙoƙin Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da na Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Ɗanmaraya Jos da Barmani Choge, har da karatun Alƙur'ani da tafsirin da aka naɗa a masallatai shekaru aru-aru. Wanda aka naɗa a wajen biki ko a zauren wani attajiri, idan ya lalace ya tafi ke nan, domin babu kantin da za a je a sayo wani.

Dabarar da ake yi wa wannan matsala ita ce a kwashe sautin a zuba shi cikin wata 'yar ƙaramar na'ura mai ƙwaƙwalwa, a bar ta a kunne dare da rana, ta yadda duk wanda ke cikin gidan zai iya jawo abin da yake so ta wayarsa ko ta lasifikar falo, ba tare da ya taɓa katin datarsa ba. Wannan batu na data ya ƙara nauyi tun watan Janairu na 2025, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Manhajojin da ke yin aikin, irin su Jellyfin da Navidrome da Volumio, ana samun su kyauta. Aikin kansa kuma ba shi da nauyi, domin kwamfutar da ta shekara goma tana yin sa ba tare da ta yi nishi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne wuta. Bauchi tana ƙarƙashin Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Jos tun bayan sayar da rassan tsohuwar NEPA ga 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2013. A watan Afrilu na 2024 hukumar da ke tsara farashin wuta ta ɗaga kuɗin masu rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane kilowat na awa guda, kafin daga bisani a ɗan sassauta. A watan Oktoba na wannan shekarar ta 2024 kuma, yawancin jihohin Arewa, har da Bauchi, suka shafe fiye da mako guda cikin duhu, sakamakon lalacewar layin Ugwuaji zuwa Apir a daidai lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna yake kwance saboda ɓarnar da aka yi masa. Man janareto kuwa ya fi ƙarfin a ƙona shi don jin waƙa tun da aka janye tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023.

Saboda haka lissafin farko da ya kamata mai saye ya yi shi ne na cin wuta. Tsohuwar kwamfutar ofis mai babban akwati, idan tana jan wat 100 kuma aka bar ta a kunne, za ta ci kilowat 72 a wata. In an ƙiyasta kowane kilowat a kan naira 200, kuɗin ya kama naira 14,400. Na'urar da ke jan wat 5 kuwa kilowat 3.6 za ta ci, watau naira 720. Bambancin ya fi fitowa fili idan aka ɗauke wuta. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat 1,200 na awa guda, amma idan irin na dalma ne ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, in dai ana so ya yi ƙarko. Wannan rabin zai riƙe babbar kwamfuta awa shida kacal, alhali zai riƙe ƙaramar kusan kwana biyar.

Na'urorin da suka dace sun kasu gida uku. Akwai Raspberry Pi, wani allo mai girman katin banki da aka fara sayarwa a Ingila a 2012. Samfuri na 4, wanda ya fito a 2019, yana jan kimanin wat 3 idan ba ya aiki mai nauyi, ba ya buƙatar fanka in an sa shi cikin gidan ƙarfe mai fitar da zafi, kuma da zarar wuta ta dawo yana tashi da kansa. Akwai sababbin ƙananan kwamfutoci masu ƙwaƙwalwar Intel N100 ta shekarar 2023, waɗanda da yawansu bolt 12 suke sha. Sai kuma na kwance da ake shigowa da su daga ofisoshin Turai da Amurka, irin su Dell OptiPlex Micro da HP EliteDesk Mini da Lenovo ThinkCentre Tiny, waɗanda ake samu a titin Beirut da ke Kano da kuma kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas.

Ga mutumin Bauchi, na kwancen nan suna da wata falala da ba a cika faɗa ba: mai gyara ya san cikinsu, kayan gyaransu kuma iri ɗaya ne da na kwamfutar tafi-da-gidanka. Illarsu ita ce sun fi Raspberry Pi cin wuta, suna da fanka mai zuƙo ƙurar hunturu, kuma bolt 19.5 ko 20 suke buƙata, wanda batir ɗin gida ba ya bayarwa kai tsaye. Sannan sai an shiga saitinsu na ciki an umarce su da su riƙa tashi da kansu bayan ɗaukewar wuta, in ba haka ba sai mai gida ya dawo ya tarar da rumbun a kashe.

Abin da ya fi kashe waɗannan na'urori shi ne abin da aka fi rainawa, watau caja. Mutum zai kashe kuɗi masu kauri a kan na'ura, sannan ya jona ta da cajar waya ta bakin titi. Raspberry Pi na 4 yana son bolt 5 da amfiya 3 cif. Da zarar wutar ta sauka ƙasa da bolt 4.63 sai ya fara gargaɗi yana rage gudu, kuma a irin wannan hali ne katin memorin da ke ɗauke da manhajarsa ke lalacewa. Samfuri na 5, na shekarar 2023, amfiya 5 yake so, kuma idan aka ba shi cajar amfiya 3 sai ya taƙaita wutar da yake bai wa kayan da aka jona masa, har faifan ajiya ya riƙa yankewa. A na kwance kuma, cajar da ba ta asali ba tana iya sa na'urar Dell ta ƙi gane ta, ta rage wa kanta ƙarfi. Caja marar inganci ce kuma kan haddasa gunjin nan da ake ji a lasifika tsakanin waƙa da waƙa.

A Turai da Amurka masu sha'awar sauti kan sayi caja ta musamman mai babbar taransifoma, wadda kuɗinta kan zarce na kwamfutar kanta, da nufin tace sauti. Ga gidan da wutarsa ke hawa da sauka, wannan ado ne kafin sutura. Gara a sa kuɗin a kan cajar asali, da na'urar kare kaya daga tsawa da hauhawar wuta, da ƙaramin batir mai karɓar aiki nan take.

Mai sola yana da wata hanya mafi sauƙi. Inbata tana mayar da bolt 12 na batir zuwa bolt 230, sannan caja ta sake sauko da shi zuwa bolt 5, kuma a kowane mataki ana asarar wuta. Inbata babba ma, ko ba a jona mata komai ba, tana iya cin abin da ya fi na na'urar da ake son riƙewa. Wata 'yar na'urar sauya bolt mai araha tana ɗaukar wuta daga batir kai tsaye ta ba da bolt 5 ko 12 daidai wa daida. Sai dai kada a jona kwamfuta da batir ba tare da ita ba, ko da an rubuta bolt 12 a jikin kwamfutar, domin batir ɗin da ke kan caji yakan haura bolt 14. A kuma sa fis a tsakani.

Batun wurin ajiya bai kai a tsaya a kansa ba. Waƙar MP3 ta yau da kullum tana cin kimanin megabait ɗaya a minti, don haka terabait ɗaya zai ɗauki fiye da awa 16,000. Tsarin FLAC, wanda ba ya zubar da komai daga sautin, ya ninka haka sau biyar ko shida, kuma shi ya fi dacewa da kaset ɗin da ba shi da na biyu. Ma'ajiyar SSD ta fi faifai mai juyawa jure jijjiga da ƙarancin wuta. Kowacce aka zaɓa, a kwafi komai a ma'ajiya ta biyu, a cire ta daga wuta, a adana ta a wani ɗakin.

Ga masu shagunan tura waƙoƙi a waya da masu haɗa sola, akwai kasuwa a nan: haɗa na'ura da batir a akwati guda, da juya tsofaffin kaset na gidaje zuwa kwamfuta, da zagayawa share ƙura bayan hunturu, kafin zafin Maris da Afrilu ya kama. Amma fa kuɗin aikin hannu ne halal ɗinsu. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta shafi kwafin da ake rarrabawa ta na'ura, don haka wanda ya cika rumbu da waƙoƙin mutane ya sayar ba da izininsu ba, zai iya samun kansa a gaban Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya.