Takunkumin Da Ake Yarwa Ba Na Wanki Ba Ne

Har yau akwai gidajen da za ka shiga ka tarar an wanke shuɗin takunkumin nan na asibiti da omo, an shanya a igiya, wai gobe a sake sawa. Wani ma ba ya wahalar da kansa da wanki. Ya cire, ya duƙunƙune, ya cusa a aljihu tare da canji da makullin babur, ya yi sati yana fito da abu ɗaya har farin ɓangaren ya koma ruwan ƙasa. Ka yi magana a ce maka ai bai yage ba. To wa ya ce sai ya yage yake daina aiki?

Wannan takunkumi shimfiɗa uku ne. Ta tsakiya ce mai tacewa, an yi ta da zaren roba siriri ƙwarai, an kuma ɗora mata wani caji da ke janyo ƙananan ɗigon tari da atishawa su maƙale, kamar yadda biron da aka goga a gashi yake jan guntayen takarda. Ruwa da sabulu suna kashe cajin nan, cuɗawa kuma tana buɗe zaren. Wanda ya wanke ya shanya, a ido yana sanye da takunkumi, amma aikin ya riga ya tafi da ruwan wanki. Danshin numfashi ma yana rage masa ƙarfi, shi ya sa ake cewa da ya jiƙe ko ya yi datti a canza.

Gaskiya hukumomi ma sun rikita mutane. A farkon 2020, da korona ta ɓarke, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce mai lafiya ya sa takunkumi ba, a lokacin ma'aikatan asibiti kansu ba ya isar su. Da aka gano cewa wanda bai nuna alamar korona ba yana iya yaɗa ta, sai ta sauya matsayi a watan Yunin shekarar. A Janairun 2021 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta sa shi a wuraren taruwar jama'a. Daga nan da yawa suka ɗauke shi tikitin wuce maigadi, har ana aron na wani a ƙofar banki a shiga, a fito a mayar masa. Ƙazanta ta wuce nan? Duk sauye-sauyen da aka yi, babu ranar da aka ce a wanke na yarwa ko a karɓi aronsa.

Kada a ce korona ta wuce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa a kanta a Mayun 2023, amma a shekarar ce mashaƙo ya addabi Kano, shi ma ta tari da atishawa yake kama mutane, ga tarin fuka da mura da ba su je ko'ina ba. Mai tarin ne ma ya fi cancantar sawa.

In za a sa takunkumin, shuɗin ɓangaren ne ke kallon waje, 'yar wayar da ke samansa a matse ta a karan hanci. Ba a sauke shi a haɓa a sha ruwa a mayar, ba a barin hanci a waje. In za a cire, a kama robar kunne, kada a taɓa gaban, sannan a wanke hannu. A guji na masu talla da ke rataye tsirara a rana da ƙura, kowa na taɓawa.

Na san uzurin, kuɗi ne. Wanda ba zai iya sayen sabo kullum ba ya je wurin tela ya ɗinka na yadi mai shimfiɗa uku, guda biyu ko uku, yana wankewa da sabulu da ruwan zafi kowace rana. Shi aka yi domin wanki. Na yarwa kuwa, in an gama, a tsinke robar, a ƙulle shi a leda a sa a kwandon shara. Wanda aka jefar a bakin kwata, yara ne ke tsinta su sa a fuska suna wasan likita.