Yadda Dala 50 Ta Zama Miliyan 40, Ta Koma Babu

A watan Disamba na shekarar 1992 wani mutumin ƙasar Girka mai suna Archie Karas ya shiga birnin Las Vegas na Amurka, ba shi da kome a aljihu sai dala 50. Ya ranci dala 10,000 wurin wani abokinsa, ya zauna ga kartar nan da ake kira foka. Kafin farkon 1995, tsakanin karta da sauran wasannin caca, kuɗinsa sun kai kimanin dala miliyan 40. A shekarar nan kuwa, cikin mako uku kacal, akasarin dukiyar ta bi ruwa.

Ba wai bai iya karta ba ne. Cikin waɗanda ya cinye har da Stu Ungar, wanda ya zama zakaran duniya sau uku, watau a 1980 da 1981 da 1997. Shi ma Ungar ɗin a wani ɗan masauki mai araha aka tsinci gawarsa a 1998, da 'yan ɗaruruwan daloli a jikinsa. Dukansu biyu abu guda ya kā da su: ba su san inda za su tsaya ba.

To, mai karatu, masanan wannan wasa suna da ƙa'idoji ga wanda nishaɗi kaɗai ya kai shi. Ta farko, ya ware kuɗin karta dabam, waɗanda ko sun salwanta ba za a rasa na cefane ko na haya ba, kuma kada bashi ya shiga ciki.

Ta biyu, ya auna tebur da jarinsa. A ƙaramin tebur na dala 1 da dala 2, akan zauna ne da dala 200. Masanan sun ce a tanadi ninkin wannan aƙalla sau 20, watau dala 4,000, domin ko gwani yakan yi makonni karta tana juya masa baya. A gasa kuwa sukan ce ninki 50 zuwa 100 na kuɗin shiga, saboda cikin mutum 100 kimanin 15 ne ke tashi da wani abu.

Ta uku, idan jari ya ragu, ya sauko zuwa teburin da ya fi araha. Nan ne akasari ake faɗuwa, don wanda aka cinye yakan ƙara zubi wai ya fanshe, sai rami ya ƙara zurfi.

Har ila yau gidan caca yana cire la'adarsa daga kusan kowane zubi, ko wa ya ci. Saboda haka mafi yawan 'yan wasa hasara suke yi in tafiya ta yi nisa. Ƙa'idojin nan ba sa mai da caca sana'a, iyakarsu su jinkirta tsiya. Addini kuwa tuni ya hana ta.

Karas ya rasu a 2024, bai sake ganin irin waccan dukiya ba. Da ma Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.