Bayani a kan Jiƙa Alkama Kafin a Gasa Burodi

Mai karatu ya sani cewa ƙwayar alkama tana da arziki a cikin dusarta, amma arzikin a ɗaure yake. A cikin dusa akwai ƙarfe da zinki da kalsiyam, waɗanda jini da ƙashi ke bukata. Tare da su kuma akwai wani sinadari da ake kira fitet, wanda yake riƙe su, ya hana hanji ya tsotse su.

Wannan ba zance ne na baka ba. A shekarar 1942 masana biyu na Ingila, McCance da Widdowson, suka nuna cewa mai cin burodin garin da ba a raba shi da dusa ba, kalsiyam ɗin da jikinsa ke samu yana raguwa. Hukumar ƙasar ta sa aka riƙa zuba alli a cikin gari a lokacin yaƙin duniya na biyu. A 1961 kuma likita Ananda Prasad ya ba da labarin wasu samari a Shiraz ta ƙasar Iran da suka tsumbure, galibin abincinsu gurasar alkama ce. Daga baya aka gane ƙarancin zinki ke damunsu.

To, maganin yana cikin ƙwayar kanta. Alkama tana ɗauke da wani abu da ake kira fitas, mai kwance ɗaurin nan. Sai dai ba ya aiki a busasshen gari. Yana son ruwa, da ɗumi, da ɗan tsami, da jinkiri. Masu gashin burodi a Jamus sukan jiƙa tsakin hatsi ya kwana, su kuma haɗa shi da kwaɓi mai tsami.

Mai yi a gida ya auna tsakin alkama, ya zuba masa ruwa mai ɗumi daidai nauyinsa, ya ɗiga tsami kaɗan, ya rufe sa'a 8 zuwa 12. Kada ya yi da tafasasshen ruwa, domin yana tausasa tsaki amma yana kashe fitas. In lokacin bazara ne, ya sa gishiri kaɗan, ya aje a wuri mai sanyi don kada ya lalace. Fa'ida ta biyu kuwa, tsakin da ya ƙoshi da ruwa ba ya shanye ruwan kwaɓi, saboda haka burodi yakan fito da laushi, ya daɗe bai bushe ba.

Gero da dawa fitas ɗinsu kaɗan ne, jiƙo kaɗai ba ya isarsu, sai an bar ƙullu ya yi tsami kamar na koko da waina. Ashe matan da ke kwana da ƙullu ba ɓata lokaci suke yi ba.

Tammat.