Matsalar Tashin Kwamfuta Bayan Sake Yanka Rumbun Ajiya

1.0 Gabatarwa

Ba sabon abu ba ne a tarar da kwamfuta guda ɗauke da manyan manhajoji biyu, kamar Windows da Linux. Babbar manhaja ita ce mai gudanar da dukkan ayyukan kwamfuta, sauran manhajoji kuwa a kanta suke hawa. Domin biyun su zauna lafiya, akan yanka rumbun ajiyar kwamfutar zuwa sassa, kamar yadda ake yanka fili fuloti-fuloti, kowace ta kama nata. Matsala takan taso ne idan aka dawo daga baya aka sake yankan, wato aka faɗaɗa wani sashe, ko aka rage shi, ko aka soke shi. Da an kunna kwamfutar sai ta ƙi tashi. A nan ne mutane da yawa kan yi gaggawar goge komai, su yi asarar kundin bincike ko sakamakon jarrabawar ɗalibai, alhali kuwa galibi bayanan suna nan daram, hanyar isa gare su ce kawai ta ɓace.

2.0 Yadda Kwamfuta Ke Tashi

Idan aka kunna kwamfuta, ba babbar manhaja ce ke fara aiki ba. Wata ƙaramar manhaja ce da ke dashe a jikin na'urar, ita kuma sai ta nemo manhajar tayarwa, wadda aikinta shi ne ta kira babbar manhaja. Manhajar tayarwa da Linux ta fi amfani da ita ita ce GRUB. Akwai tsari iri biyu da ake bi.

Na farko shi ne tsohon tsarin BIOS da MBR, wanda ya samo asali a 1983. A wannan tsari ana karanta gurbin farko na rumbun, mai girman bayit 512. Daga ciki, 446 na umarnin tayarwa ne, 64 na jadawalin sassa ne, sauran 2 kuwa alama ce ta tabbatarwa. Jadawalin manyan sassa 4 kacal yake ɗauka. Mai son ƙari sai ya mai da ɗaya ya zama uwa, ya yanka ƙananan sassa a cikinsa, waɗanda lambarsu ke farawa daga 5.

Na biyu shi ne tsarin UEFI da GPT, wanda Windows 11 ta shekarar 2021 ta wajabta. A nan manhajojin tayarwa suna zaune ne a wani ɗan ƙaramin sashe na musamman da ake kira sashen EFI, kuma Windows takan amince da sassa har 128.

3.0 Musabbabin Matsalar

Manhajar tayarwa tamkar ɗan aike ce da aka ba lambar gida. Idan aka sake wa unguwa lambobi, gidan yana nan, amma ɗan aiken zai koma ya ce bai same shi ba. Abubuwan da kan haddasa haka sun haɗa da:

(i) Canjin lamba. A tsarin MBR, idan aka soke sashe na 5, sai na 6 ya koma na 5. GRUB kuwa na 6 take nema, don haka sai ta tsaya, ta nuna rubutun grub rescue a kan allo.

(ii) Soke sashen Linux daga cikin Windows. Mafi yawan fayilolin GRUB a can suke, saboda haka ita ma Windows sai ta kasa tashi, ko da yake babu abin da ya same ta.

(iii) Canjin lambar shaida. Kowane sashe yana da lambar shaida da ake kira UUID, wadda Linux ke rubutawa a fayil ɗin /etc/fstab. Idan aka goge sashe aka sabunta shi, lambar takan canza, Linux ta yi ta jiran abin da babu shi.

(iv) Goge sashen EFI bisa zaton ba shi da amfani saboda ƙanƙantarsa, ko kuma sauyawar jerin manhajar da za ta fara tashi.

4.0 Matakan Gyara

Mataki na farko shi ne haƙuri. Kada a goge komai, kada kuma a ɗora sabuwar manhaja, domin duk abin da aka rubuta a rumbun zai iya danne bayanan da ake son cetowa.

Na biyu, a tayar da kwamfutar daga filashin da ke ɗauke da Linux, a duba sassan da umarnin lsblk ko blkid, sannan a kwashe muhimman fayiloli zuwa wata ma'ajiya. Idan wani sashe ya ɓace daga jadawali, manhajar TestDisk takan iya gano iyakokinsa ta maido shi.

Na uku, a tantance tsarin da kwamfutar ke bi, domin maganin BIOS ba ya yi wa UEFI. Ganin jakar /sys/firmware/efi alama ce da ke nuna da UEFI aka tashi.

Na huɗu shi ne gyaran kansa. Idan lamba ce ta canza, a allon grub rescue sai a rubuta ls a ga sassan da ke akwai, a gano wanda ke da jakar /boot/grub. Idan na 5 ne, alal misali, sai a rubuta:

set prefix=(hd0,msdos5)/boot/grub
insmod normal
normal

Wannan gyara na wucin gadi ne. Bayan an shiga Linux wajibi ne a tabbatar da shi da grub-install, sannan update-grub a Ubuntu da danginta. Idan kuwa UUID ce ta canza, sai a sanya sabuwar a /etc/fstab. Idan an soke Linux ne baki ɗaya, sai a tashi daga filashin Windows, a yi amfani da bootrec /fixmbr a tsohon tsari, ko bcdboot a sabo. Rumbun da aka kulle da BitLocker kuwa yakan nemi lambar ceto mai alƙaluma 48, don haka a adana ta tun kafin a taɓa rumbun.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, ƙin tashin kwamfuta bayan sake yanka rumbu ba ya nufin bayanai sun salwanta. Malamin da aka damƙa wa kwamfutocin makaranta ya kamata ya kwafe bayanai, ya kuma rubuta jerin sassa da lambobinsu kafin ya fara yanka, domin rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Bambanta tsarin MBR da na GPT.
2. Me ya sa soke sashen Linux kan hana Windows tashi?
3. Kawo matakai huɗu na gyara, bi da bi.